Iskar Gas a Motocinmu: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya zama abin da talaka ke kwana da shi, ya tashi da shi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Manomin Tsafe mai kai dawa kasuwar Gusau da ɗalibin Bungudu mai zuwa makaranta duk sun ji a jika. A wannan hali ne Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin juya motoci su riƙa aiki da matsattsiyar iskar gas, wadda aka fi sani da CNG.

Babu shakka shirin yana da ma'ana. Allah ya hore wa ƙasar nan iskar gas mai ɗimbin yawa, har an yi shekaru ana ƙona ta a banza a yankin Neja Delta. Ta fi fetur arha, hayaƙinta kuma bai kai nasa illa ba. Amma a ganina, kada direban Zamfara ya yi gaggawar kai motarsa a juya sai an tanadi abubuwa uku.

Na farko, wurin shan iskar. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, bai biyo ta Zamfara ba. Ke nan sai dai a yi jigilar iskar da manyan motoci, a bi ta Funtuwa da Tsafe a kawo Gusau. Wanda ya kashe dukiyarsa ya ɗaura tukunya alhali babu tabbacin inda zai cika ta, ya sayi nauyi ne kawai, tilas ya koma wa fetur. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah: Pakistan ta juya motoci masu yawa, daga baya iskar ta yi ƙaranci, aka riƙa rufe gidajen sayar da ita na wasu kwanaki a mako.

Na biyu, ƙwararrun makanikai. Ana matse iskar nan da ƙarfi wajen ninki 200 na iskar da muke shaƙa, saboda haka tukunyar da mai walda ya ƙera ba za ta iya riƙe ta ba. Irin wannan tukunya ce ta fashe a Benin a watan Oktoba, 2024, ta raunata mutane. Ya kamata Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda ta ɗauki nauyin horar da makanikanmu.

Na uku kuwa namu ne, ɗaliban Hausa da malamanmu. A bakin Bahaushe, man dizal "gas" ne, na girki "gas" ne, wannan sabuwar iskar ma "gas" ce. Alhali na girki ruwa yake zama a cikin tukunya, ba ya bukatar matsi mai yawa, tukunyarsa kuwa ba za ta jure wa na mota ba. Rikita sunayen nan yana iya jawo asarar rai. Wajibinmu ne mu zauna da direbobi da makanikai, mu tsayar wa kowanne da sunansa, sa'an nan mu yaɗa ta gidajen rediyo.

In an tanadi waɗannan, sai a fara da motocin haya da na ɗaukar kaya masu zirga-zirga tsakanin Tsafe da Gusau da Bungudu, domin ta wurinsu ne sauƙin zai fi saurin isa ga talaka. Allah ya sa mahukunta su duba.