Mu Ke Sayo Musu Abin Da Ke Tsone Musu Ido

Sallah na ƙaratowa, tebura kuma sun fara cika a Kasuwar Sabon Gari da bakin titunan Kano: bindigogin roba jere reras, ga ƙullin ƙananan harsasai a gefe. Ranar Idi yaro zai zaga dangi, kawu ya ba shi ɗari biyar, gwaggo ta ƙara ɗari biyu, kafin la'asar duk goron Sallar ya koma aljihun mai tebur. Daga nan lungu ya zama fagen daga, kowa na auna fuskar ɗan'uwansa, manya na zaune a kan dakali suna dariya.

Dariyar nan ce take ƙona min rai. Harsashin da bai kai ƙwayar masara ba, in ya daki ido daga kusa, yana tara jini a cikinsa, yana jawo yanar ido ga ɗan shekara shida, yana iya ɓalle tantanin gani na can ciki. Wani lahanin har abada ne. Sai a taru a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a ba uwa haƙuri. Na yi imani da ƙaddara, amma da ƙafarmu muka je kasuwa, da hannunmu muka miƙa kuɗin. Mutanen da 'yan bindiga suka hana noma, suka hana bin hanya da dare, su ne ke saya wa ɗan shekara huɗu bindiga a matsayin tsaraba!

Bindigar ma ana ganinta. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɗan batir ɗin nan mai kama da maɓalli, da ke cikin wayar wasa mai kiɗa, da tabarau mai walƙiya, da takalmi mai kawo wuta. Murfinsa ba sukurun da ya riƙe shi, faɗuwa ɗaya ya buɗe. Yaro mai rarrafe kuwa komai baki. Idan batirin ya maƙale a maƙoshi, yawu kaɗai ya isa ya sa shi fara ƙona nama, cikin awa 2 ya yi mummunar ɓarna, alhali yaron na iya yin shiru kamar lafiya lau. Don Allah, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A ruga asibiti. In ya haura shekara ɗaya kuma yana iya haɗiya, likitoci sun yarda a riƙa ba shi zuma, ƙaramin cokali biyu duk minti 10, a kan hanya.

Balan-balan da ta fashe tana toshe numfashi. Ƙananan maganaɗisu biyu da aka haɗiye suna manne hanji da hanji har su huda shi. Duk abin da faɗinsa bai wuce santimita 3 ba, bai dace da yaron da bai cika shekara uku ba. Abin da jar da'irar nan mai hoton fuskar jariri da lambar 0-3 ke faɗa kenan a jikin kwali, in an ci sa'a akwai kwalin.

Ga kuma fenti. A 2007 kamfanin Mattel, duk girmansa, ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa saboda fenti mai gubar dalma da maganaɗisu masu ɓallewa. To ina ga wanda aka zubo cikin buhu, ba sunan kamfani, ba adireshi? Mu da muka ga yadda dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, bai kamata a tsaya yi mana bayanin illarta ba.

Hukumar SON ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su, kwastan na tashar jiragen ruwa, FCCPC an kafa ta don kare mai saye. Ina so su fito su gaya mana ta wace ƙofa waɗannan bindigogi ke shigowa duk shekara. Kama yaro mai talla ba aiki ba ne. A bi dilan da ya sauke kwantena.

Kafin su motsa, Baba, kai ke riƙe da aljihu. Ka karɓi goron Sallar, ka raka yaron wurin mai tebur da kanka. Ka ja tayar motar, ka ja idon 'yar tsanar, in ya cire a hannunka ka ajiye. In murfin batir ba sukuru, ka ajiye. Akwai ƙwallo, akwai littafin zane, akwai manyan tubalan roba. Zai yi kuka a kan bindigar, ya yi ta yi. Masu unguwanni da limamai kuma su faɗa da babbar murya tun Juma'ar da ke gaban Idi: ba a sayar da bindiga mai harsashi a unguwar nan.