Ina Ungulayen Mayankarmu Suka Tafi?

Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san ba a raba mayanka da ungulu. Yau fa? Ka je kwata ka ɗaga kai, da wuya ka ga ko ɗaya. Wasunmu har murna suke yi, wai an rabu da ƙazanta. To 'yan'uwa, lalle wannan kuskure ne.

Ungulu ce ke kwashe mushe kafin ya ruɓe, kuma Allah Ya yi mata ciki mai tsananin tsami da ke kashe ƙwayoyin cutar da ta haɗiya. In ba ta nan mushen ba ɓacewa zai yi ba, wani ne zai gaje shi.

A tambayi mutanen Indiya. A shekarun 1990 aka shiga yi wa shanu allurar wani maganin ciwo, diclofenac. Saniya ta mutu, ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace. Daga 1992 zuwa 2007 wani jinsin ungulunsu ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. Mushe ya taru ya gurɓata ruwa, karnukan juji suka samu gara suka hayayyafa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Wani bincike na 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutum wajen 500,000 daga 2000 zuwa 2005. Mutane fa, ba tsuntsaye ba!

Mu a Afirka ta Yamma abin takaicin shi ne da gangan ake yi. Ana barbaɗa guba a nama, a tsince kawunan a kai wa bokaye. A Gine Bisau a 2020 an kashe fiye da 2,000, da yawa an same su ba kai. Wai kan tsuntsun da ke kwana kan mushe ne zai kawo wa mutum arziki! Ga shirka, ga ɓarna.

Don haka ya kai ɗan'uwa, in ka ga mai kasa kan ungulu a kasuwa ka yi masa nasiha. In ɗan mahauta ne kai, kar ka bari a kafa mata tarko a mayankarku. Kar a sa guba a mushe don kare ko kura, ungulu ce za ta riga su sauka. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Wadda aka kashe yau ba a mayar da ita baɗi.