Gari guda a rataye a titi ɗaya

Daga Madabo zuwa Kasuwar Kurmi tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, amma farashin gishiri da sukari da sabulun da muke saya a lungunanmu a can nesa ake yanke shi, a kan titin Legas zuwa Kano. In titin ya toshe, mai kanti ya ce mana "hanya ce", mu biya mu yi shiru. Mun gaji da wannan amsar, domin ba jiya hanya ta fara lalacewa ba.

A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe Jibiya da Maigatari da Illela har Maris 2024, motoci suka yi dogon layi da kaya a bayansu. A ƙarshen Mayun 2025 ambaliyar Mokwa ta ci rayuka, ta karya gada, manyan motoci suka tsaya cik. Duk wanda ya ga wannan jerin ya ce ba zata aka yi masa, bai so ya gani ba ne.

Kakanninmu ba su san hanya lafiyayya ba, amma sun san shiri. Wangarawan da suka kafa karatu a unguwar nan malamai ne kuma 'yan kasuwa. Fataken goro kuwa su tashi daga Kano zuwa Gwanja, tafiyar watanni, da jakuna, ta ƙasashen sarakuna masu karɓar kuɗin fito da dazuzzukan 'yan fashi. Ayari yana da madugu mai yanke shawara, da jagaba da ya san inda ruwa yake da inda yaƙi ya tashi. A kowane zango akwai mai masauki da ke ajiye kaya, ya nemo masu saye, ya tsaya wa baƙo a kan bashi. Kuma goro ne fa, kayan da in an yi sakaci da huhunsa kwana kaɗan ya bushe ko ya yi tsutsa. Da yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892, cinikin bai mutu ba, wasu kasuwanni ya koma. Daga baya Alhassan Dantata ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas, sannan jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911, ya hauro da shi.

Mu da muke da waya a kowane aljihu mun kasa abin da mai jaki ya iya. Kowane ɗan kasuwa ya ɗauki hayar motarsa shi kaɗai, ya ɓoye labarin hanya don kada maƙwabcinsa ya riga shi. Manyan dillalan Singa da Dawanau suna da sito. In hanya ta toshe, kayan da ke ajiye ma tashi suke yi, in ta buɗe kuma farashin ya manta hanyar saukowa. Asarar tana gangarowa ne kan mai teburin bakin masallaci da uwar gida mai awon gwangwani.

Gwamnati ma ba ta kuɓuta ba. A Janairun 2023 aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala a Zawaciki, da kiɗa da jawabai. To tashar kan tudu ba jirgin ƙasa mai zuwa a kan lokaci, ai babban fili ne mai katanga. Sabon layin dogo ya taso daga Legas ya tsaya a Ibadan a 2021, tsohon kuwa yau ya motsa gobe ya kwanta.

Abin da muke nema a wurin shugabannin kasuwannin Kano a fili yake: su haɗa ƙananan 'yan kasuwa su riƙa ɗaukar mota tare, su buɗe sito na haɗaka, su riƙa sanar da halin hanya kullum ta rediyo da WhatsApp yadda kowa zai ji. 'Yan majalisarmu na tarayya kuma su zo su faɗa mana ranar da jirgin kaya zai fara tashi daga Apapa zuwa Kano duk mako, da sunan wanda za mu tuhuma in bai taso ba.