Saka hitar gas a motar kwana ba aikin karambani ba ne

A Amurka akwai wata irin mota da ake kira RV, wadda daga waje mota ce, daga ciki kuma gida ne: da gado, da kicin, da banɗaki. Ƙungiyar masu ƙera irin waɗannan motoci ta ce a shekarar 2021 magidanta fiye da miliyan 11 ne suka mallake ta a ƙasar, kuma a shekarar kaɗai an fitar da sababbi kimanin 600,000, yawancinsu daga yankin Elkhart na jihar Indiyana.

Asali motar yawon shaƙatawa ce, ta masu hali da 'yan fansho. Amma tsadar haya ta sauya labarin. Ƙidayar da gwamnatin Amurka ta yi a wani dare na watan Janairun 2024 ta gano mutum fiye da 770,000 da ba su da muhalli, kuma a biranen jihar Kalifoniya ba a rasa layin tsofaffin motocin kwana a gefen titi, waɗanda masu su ba su da wani gida sai su. Fim ɗin Nomadland, wanda ya ci kyautar Oscar a 2021, labarin irin waɗannan mutane ya bayar.

Idan hunturu ya shigo, jikin mota ba ya riƙe ɗumi. Ƙarfe ne da katako siriri, sanyi na ratsa shi kamar ba a rufe ƙofa ba. Dole sai an nemi abin ɗumama ciki, kuma abin da aka fi amfani da shi shi ne hita mai aiki da gas ɗin furofen, ɗan'uwan gas ɗin girki. Mutane da yawa kan sayo ta ta intanet, su kalli bidiyo biyu ko uku a YouTube, su ɗauki sufana su haɗa da kansu.

A nan gizo ke saƙar. Haɗa bututun gas a wurin da mutum zai rufe ƙofa ya yi barci ba aikin koyo da gwaji ba ne. Aiki ne da ya kamata ƙwararre ya yi, ko aƙalla ya gwada shi kafin a kunna. Kuma tunda waɗanda suka fi buƙatar hitar su ne suka fi rashin kuɗin biyan ƙwararren, nauyin bai kamata ya tsaya a kansu su kaɗai ba.

Yadda hitar take aiki

Hitar da aka ƙera domin motar kwana tana da hikima guda: wutar da ke ci a cikinta ba ta haɗuwa da iskar da mutum ke shaƙa. Gas yana ƙonewa ne a cikin wani rufaffen akwatin ƙarfe. Iskar da wutar ke buƙata daga waje ake zuƙo ta, hayaƙin kuma waje yake fita ta wata kafa da aka huda a jikin motar. Fanka mai aiki da batir ɗin bolt 12 ita ke kaɗa iskar ɗaki ta bi ta bayan akwatin, ta ɗauki zafi ta koma ciki.

Akwai kuma masu gadi biyu. Na farko wani ɗan makunni ne da iskar fanka ke turawa; idan fanka ba ta juyawa da ƙarfi, ba zai bari gas ya buɗe ba. Na biyu yana kashe wutar idan zafi ya wuce ƙima.

Duk wannan tsari ya dogara ne a kan an saka komai daidai. Idan bututun hayaƙi bai zauna daram a bakin kafarsa ba, hayaƙin zai tsiyaya cikin bango ya dawo ɗaki. Idan aka huda kafar a ƙarƙashin taga, ko dusar ƙanƙara ta toshe ta, ko zanzaro ya yi gini a ciki lokacin da motar ke ajiye, wutar ba za ta samu isasshiyar iska ba. Idan batir ya yi sanyi hita ta ƙi kamawa, wani sai ya haɗe wayoyin makunnin tsaron don ya huta da fitina. Ya huta da mai gadi ke nan.

Makasa biyu

Haɗarin farko shi ne gas ɗin kansa. Furofen ya fi iska nauyi da kimanin ninki ɗaya da rabi, saboda haka idan ya tsiyaya ba ya tashi sama ya fice, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, a ƙarƙashin gado da cikin kabad. Da ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsin makunnin fitila ya isa ya tayar da gobara. Warin da ake ji a jikinsa ƙara masa aka yi don a gane ya tsiyaya, amma hancin mai barci ba abin dogaro ba ne.

Kada a manta kuma mota ba gida ba ce. Gida yana tsaye wuri ɗaya, mota kuwa kullum cikin jijjiga take, tana faɗawa ramuka, tana taka birki. Mahaɗar bututun da ta yi shiru ranar da aka ɗaure ta na iya saki bayan tafiyar wata uku.

Haɗari na biyu ya fi muni domin ba ya sallama. Idan gas bai ƙone sosai ba, yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Tana manne wa jini fiye da iskar oksijin da ninki sama da 200. Alamominta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, abin da mutum zai ɗauka mura ce ko gajiya. Wanda ta samu yana barci sau da yawa ba ya farkawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce wannan iska na kashe mutum fiye da 400 a ƙasar duk shekara, ban da waɗanda gobara ta rutsa da su.

A watan Satumban 2011, mutum biyar suka mutu cikin barci a wata motar kwana ta haya a garin Clarksville na jihar Tennessee. Hayaƙin janareta ne ya shiga, ba na hita ba, amma gubar ɗaya ce. Motar tana da na'urar gargaɗi, sai dai ba ta aiki. Bayan nan ne jihar ta yi dokar da ta wajabta na'ura mai aiki a motocin kwana na haya.

Giɓin da ke cikin doka

Motar da ta fito daga masana'anta a Amurka ana ƙera ta ne bisa ƙa'idar da ake kira NFPA 1192, wadda ta tsara yadda za a shimfiɗa bututu, da inda tukunyar gas za ta zauna, da gwajin da za a yi. Amma da zarar mota ta shiga hannu na biyu da na uku, ko mutum ya sayi motar ɗaukar kaya ya mayar da ita ɗaki da kansa, a mafi yawan wurare babu mai zuwa ya duba. Sabuwar motar mai hali ta sha gwaji, tsohuwar motar talaka kuwa Allah ne gatanta.

Jamus ta bi wata hanya. A can akwai gwajin gas na motocin kwana da ake kira G 607, wanda ƙwararre ke yi duk bayan shekara biyu, ya manna shaida a jikin mota. Ba a hana kowa gyara motarsa ba, an dai ce wani mai ido da ma'auni ya gani.

Hujjar masu cewa a bar su

Masu haɗa hita da kansu suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Kuɗin aikin makanikan motocin kwana yana da tsada, kuma a lokacin sanyi layi ake bi. Wanda ke kwana a mota saboda haya ta gagare shi, idan aka ce sai ya biya ƙwararre, abin da zai yi shi ne ya haƙura da hitar gaba ɗaya, ya kunna murhun girki ko ƙaramar hitar hannu wadda ba ta da bututun hayaƙi. Wannan kuwa ya fi haɗari, domin duk abin da ta ƙona a ɗakin yake zama. Ko tururin ruwa kaɗai matsala ne: kowane kilo ɗaya na furofen da ya ƙone yana sakin ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi, ya jiƙa bango da katifa.

Gaskiya ne kuma akwai masu hannu da hankali waɗanda aikinsu ya fi na wasu makanikai kyau. Sai dai ko gwanin ba ya ganin tsiyayar gas da ido. Kumfar sabulu tana nuna babbar ɓaraka a mahaɗar da hannu ya kai gare ta. Ƙaramar ɓaraka a bayan kabad sai ma'aunin matsin gas, wanda ake haɗawa a rufe tukunya a zuba masa ido na wasu mintuna a ga ko zai sauka. Shi ne kuma ke nuna ko regileta na bayar da matsin da ya dace. Mutum nawa ne ke da wannan ma'auni a akwatin kayan aikinsa?

Mafita a tsakiya take

Mai mota na iya yin rabin aikin: ya yanka wurin zama, ya ɗaure hitar, ya ja wayoyin batir, ya shimfiɗa hanyoyin iskar ɗumi bisa littafin da kamfani ya bayar. Amma haɗa bututun gas da gwajin ƙarshe a bar wa mai takardar shaida. Tukunya ta zauna a waje, ko a akwatin da aka toshe daga ɗaki aka huda masa kafa ta ƙasa. Na'urar gano gas a kusa da ƙasa, ta kabon monoksaid a kusa da wurin kwana, kuma a riƙa duba ranar da aka rubuta a bayansu, domin galibi bayan shekara biyar zuwa bakwai sun tashi aiki ko da fitilarsu na ci.

Sauran nauyin na hukumomi ne. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka ta ba birane damar hukunta masu kwana a wuraren jama'a, a shari'ar garin Grants Pass. Amma korar mota daga wannan titi zuwa wancan ba ta rage sanyi. Birnin Santa Barbara tun 2004 yake da shirin ware wuraren fakin inda masu kwana a mota ke kwana lafiya, kuma wasu birane sun kwaikwaya. Irin waɗannan wurare su ne suka fi dacewa a kai ƙwararre ya duba gas kyauta kafin hunturu, a raba na'urorin gargaɗi. Kuɗin na'ura ɗaya bai kama ƙafar kuɗin kwana ɗaya a asibitin Amurka ba.

Motar kwana baƙuwa ce a ƙasar Hausa, amma gubar ba baƙuwa ba ce. Ita ce ke fita daga kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin hunturu, ita ce kuma ke cikin hayaƙin janaretan da ake kunnawa a baranda saboda tsoron ɓarayi, wanda ya sha hallaka iyali guda a dare ɗaya a Najeriya. Ƙa'idar ɗaya ce a ko'ina: duk wutar da za ta kwana tana ci, hayaƙinta waje ya kamata ya fita.

Araha ba ta ado, in ji Hausawa. A harkar gas kuwa, abin da araha kan ci ya wuce ado. Wanda ya rasa gida har ya koma mota ya riga ya yi asarar da ta isa; bai kamata neman ɗumin dare ɗaya ya zama sanadin ransa ba.