Yini Guda a Duwatsun Birnin Kudu da Gwaram: Tsayawa Uku Sun Isa

Bahaushe matafiyi ne tun fil azal, sai dai ba ya tafiya sai da dalili. Kakanninmu sun kai Gwanja neman goro, sun ratsa Sahara da ayarin raƙuma, wasu sun taka ƙasa shekara da shekaru har suka isa Makka. Mu ma jikokinsu ba mu zauna ba: yau ɗaurin aure a Azare, gobe ta'aziyya a Gombe, jibi taron aiki a Abuja. Amma wanda ya ce zai ƙona mai don kawai ya je ya ga dutse, sai a yi masa kallon wanda ya rasa abin yi. Shi ya sa dubban ma'aikata da 'yan kasuwa ke ratsa Birnin Kudu a guje, suna hango duwatsunta ta gilashin mota, ba tare da sanin cewa a cikin kogunan duwatsun nan akwai zane-zanen da doka ta sa a cikin wuraren tarihi na ƙasa ba.

Ra'ayina shi ne, duk mai mota da hutun yini ɗaya a Kano ko Dutse ya kamata ya yi wannan tafiya, kuma ya tsara ta a kan tsayawa uku kacal. Wanda ya cusa wurare goma a yini guda zai dawo da hotuna da gajiya. Wanda ya zaɓi kaɗan ya ba su lokaci zai dawo da fahimta, ya kuma bar wa mutanen wurin dalilin ci gaba da tsare abin da suka gada.

Abin da ke cikin kogunan

A shekarun 1950 ne masana suka fara rubutu a kan zanen Birnin Kudu. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Bernard Fagg, Baturen Ingila da sunansa ya haɗu da gumakan Nok, wanda kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Wuraren da aka fi sani su ne Dutsen Mesa, Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Galibin abin da aka zana shanu ne, da jan launi, a jikin bango da rufin kogo inda ruwan sama ba ya kaiwa.

Idan ka tsaya gabansu, ka dubi gadon bayan shanun. Ba su da tozo. Shanun da muka sani a yau, Bunaji da Rahaji da Bokolo, duk masu tozo ne, kuma masana tarihin dabbobi sun tabbatar cewa marasa tozo ne suka riga su zama a Afirka ta Yamma. Ragowar danginsu su ne muturu na kudu da kuri masu manyan ƙahoni na bakin Tafkin Cadi. Ke nan, wanda ya yi zanen ya ga wani garke da ba irin wanda ke kiwo a gindin dutsen a yanzu ba. Wannan lura guda ɗaya ta ishi mai hankali tunanin yini, domin ta nuna cewa kiwo a wannan ƙasa ya tsufa ƙwarai, kuma mazaunanta sun sha canzawa kafin mu.

Kusa da zanen akwai wani abin mamaki: duwatsu masu amo. Idan aka ƙwanƙwasa su da ɗan dutse sai su yi ƙara kamar ƙarfe, kowane gefe da irin muryarsa, kuma a jikinsu akwai 'yan ramuka da yawan bugu ya haƙa. Nazarin da Fagg ya yi a kan na Birnin Kudu na cikin abin da ya sa masana suka shiga neman irinsu a wasu sassan Afirka. Matafiya na biyan kuɗi mai yawa su je Tassili a Aljeriya, ko su je ganin raƙuman dawan da aka sassaƙa a Dabous, arewa da Agadas. Namu ba su kai waɗancan yawa ko girma ba, amma dangin juna ne, kuma kimanin kilomita 120 ne kawai daga Kano.

Su kansu duwatsun suna da nasu labarin. Masana ilimin duwatsu na lissafa tsaunukan Dutse, Kila da Fagam a cikin wani dogon jeri da ya taso daga Azbin, ya bi ta Damagaram, ya gangara har Jos. Narkakken dutse ne da ya taso daga cikin ƙasa ya daskare, na wannan yanki tun wajen shekaru miliyan 200 da suka wuce. Irinsu ne suka ba Jos kuzar da ta jawo Turawa. Mai tuƙi daga Birnin Kudu zuwa Gwaram yana tafiya ne a gefen wannan jeri, ko ya sani ko bai sani ba.

A fara da zaɓen wata

Shirin tafiyar yana farawa ne daga kalanda. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, falalen dutse kuwa yana riƙe zafi kamar tanda, ta yadda hawansa bayan hantsi azaba ce. A Disamba da Janairu akwai sanyi mai daɗin tafiya, amma hazo kan rufe tsaunukan da ka zo gani. A tsakiyar damina ƙasa ta fi kyau, haɗarin ma ya fi yawa: dutse na santsi, rafuka na cika ba sallama, ruwa na cin gindin gada. A watan Agustan 2021 wata motar fasinja ta faɗa inda ambaliya ta karya gada a hanyar Gwaram zuwa Basirka, sama da mutum 20 suka rasa rayukansu, Allah Ya jiƙansu. Wannan kaɗai ya isa gargaɗi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ganye bai gama bushewa ba, sararin sama garau, dawa ta nuna a gonaki, kasuwannin ƙauye cike da sabon amfani. A cikin mako kuma, a guji Juma'a idan daga Kano za a taso, saboda ranar ce kasuwar shanu ta Wudil ke ci, kuma cunkoson manyan motoci a bakin gada na iya cinye maka awa guda daga cikin sa'o'in safiya masu tsada.

Yadda za a raba yinin

A tashi da idar da sallar asuba. Hanyar ta bi ta Wudil, ta ratsa ƙasar Takai, ta wuce Kwanar Huguma inda ake ratsewa zuwa Dutse. Ba sai an tsaya a Takai ba, amma ya kyautu a gaya wa yaran da ke cikin mota cewa nan ne Yusufawa suka yi sansani a farkon basasar Kano a 1893, kuma wannan kusurwa ta kudu maso gabas ita ce ta sha hare-haren Ningawa a ƙarni na 19. Da wannan labari a kunne, duwatsun da ke gaba za su tashi daga ado su koma abin da suke a idon mutanen da: mafaka da wurin hangen abokan gaba.

Tsayawa ta farko, kuma uwar tafiyar, ita ce kogunan Birnin Kudu. A ba ta awa biyu da rabi ko uku, daga wajen ƙarfe 9 zuwa kusa da 12. A fara da ofishin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da ke garin, wadda wuraren ke hannunta, a nemi ɗan jagora. Matambayi ba ya ɓata, kuma zanen ba abu ne da baƙo zai gano da kansa cikin sauƙi ba: wani ya koɗe, sai ido ya saba da inuwar kogo kafin siffar saniya ta fito. Gara ka ga koguna biyu a natse da ka zaga duka a gaggauce.

Tsayawa ta biyu ita ce cikin garin, don sallar azahar da abinci da hutawa. Birnin Kudu ba zango ba ce kawai. Gari ne mai sarautar Sarkin Kudu, nan ne mahaifar Ali Sa'ad Birnin Kudu, gwamnan farar hula na farko bayan ƙirƙiro Jigawa a 1991, kuma a kwalejin gwamnati ta garin Aliko Dangote ya yi sakandare. A ci abincin garin, a sayi abin tsaraba a hannun mutanen garin. Wanda ya zo da kulolinsa daga gida, ya koma bai kashe ko naira a wurin ba, ya ga dutse amma bai ziyarci kowa ba.

Tsayawa ta uku tana kan hanyar Gwaram, tafiyar kimanin awa guda ta Babaldu da Sara. A nan hanyar ce abin kallo: tsaunuka na ɓullowa daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kukoki da ɗorawa a tsakanin gonaki, garken shanu na gangarawa mashaya. Idan ka daidaita tafiyarka da ranar da kasuwar Sara ke ci, to ita ce tsayawarka ta uku. Idan ba haka ba, ka ƙarasa Gwaram, ka sami wuri mai tudu ko bakin kogi, ka kashe mota ka zauna rabin awa. Fagam da Farin Dutse suna gaba, suna kuma jan hankali, amma a bar su sai wata rana. Ƙa'idar ita ce a juya kan mota zuwa ƙarfe 3, a yi la'asar a hanya, a shiga Kano kafin duhu. Tuƙin dare a hanyar da tireloli ke bi ba ya cikin yawon buɗe ido. Wanda ya taso daga Dutse yana da rarar lokaci, sai ya ƙara ta a kan kogunan.

Guzurin ba shi da yawa: tanki cike tun daga gida, safayar taya mai iska, ruwan sha wadatacce, tsabar kuɗi, da takalmi mai kama dutse. A kula da ƙudan zuma da macizai a tsagar duwatsu, kada a bar yara su zura hannu inda ido bai gani ba.

Uzurorin da ake kawowa

Wani zai ce mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023. Gaskiya ne. Amma tafiyar duka ba ta kai kilomita 400 ba, kuma idan abokai huɗu suka haɗa kuɗi a mota ɗaya, kason kowa bai kai abin da muke kashewa a ankon biki guda ba. Wani zai kawo batun tsaro, shi ma da hujjarsa. Maganinsa tafiyar rana, da tambayar mutanen gari kafin a taso, da rashin ratse babbar hanya ba tare da ɗan gari ba.

Akwai kuma mai jin cewa irin waɗannan wurare kufan jahiliyya ne, bai kamata Musulmi ya kula su ba. Zuwa duba abin da mutanen farko suka bari don a yi tunani a kai daban yake da zuwa neman tabarruki. Malamanmu sun daɗe suna kwaɗaitar da duban ƙarshen al'ummomin da suka shuɗe, kuma da wuya a sami wa'azin da ya fi tsayuwa gaban aikin hannun mutumin da sunansa da harshensa da garkensa duk suka ɓace, sai jan zane a bangon kogo.

Ladabin baƙo

Zanen da ya jure ɗaruruwan damina yana iya lalacewa a hannun baƙo ɗaya. Kada a taɓa shi, domin maiƙon hannu na cin launi. Kada a watsa masa ruwa don ya fito a hoto. Kada a rubuta suna da gawayi ko fenti, kada a hura wuta a kogo, kada a bugi dutse mai amo da ƙarfe. A gai da dattawan unguwa kafin a hau, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, musamman mata. A sallami ɗan jagora sallama ta mutunci, irin wadda za ka yi wa wanda ya koya maka abin da ba ka sani ba.

Wannan sallama tana da nauyi fiye da yadda ake zato. A duk inda gari ke faɗaɗa, dutse na da farashi: ana fasa shi a sayar da tsakuwa tifa-tifa, ana yanka filaye har gindinsa. Takardar doka da ke ajiye a Abuja ba ta tsare kogo da dare. Maƙwabtan dutsen ne ke tsare shi, su kuwa za su ƙara himma ne idan suka ga mutanen kirki na zuwa daga nesa saboda shi, suna cin abinci a garinsu, suna girmama abin da ke bayan gidajensu. Muna yawan kukan cewa gwamnati ta yi watsi da wuraren tarihi, alhali ita ma takan lura da inda ƙafa ke zuwa. Littafin baƙi da ya cika da sunayen likitoci, lauyoyi, malaman jami'a da ɗalibansu hujja ce da ma'aikacin gidan tarihi zai iya ɗauka ya kai gaban mai kasafin kuɗi.

Don haka, mai karatu, ka duba kalandarka ta kaka mai zuwa, ka ware Asabar ɗaya. Ka kira abokai biyu ko uku, ka ɗauki yaran da suka isa hawan dutse, ku bar Kano da sanyin asuba. Idan kun isa kogon, ka bar su su fara gano saniyar da kansu, sa'an nan ka tambaye su ina tozonta.