Yadda Na Raba Ɗana da Iyafis Ba Tare da Na Raba Shi da Fiyano Ba

Yau ba batun rigakafi ko abincin yaye na zo muku da shi ba. Batun wata 'yar siririyar igiya ce da ta kawo mana zaman lafiya a gida, kuma ina kyautata zaton ta ceci kunnen ɗan farina.

Bara ƙanena ya kawo wa yaron fiyanon lantarki na hannu, mai maɓallai 61, irin wanda ake gani a makarantu da ɗakunan haɗa waƙa. Bayan 'yan watanni yaron ya gano cewa idan ya haɗa shi da kwamfutata ta igiyar USB, akwai manhajar da ke ba da sautin babban fiyanon katako, mai daɗin da ya fi na cikin na'urar nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce sautin yana fitowa ne ta sifikar kwamfutar, wadda ba ta da ƙarfi. Sai ya koma toshe kunnuwansa da iyafis, ya ƙure ƙara, ya yi awa biyu ko uku a haka.

Ran nan na dawo daga aikin dare, na yi kiransa har sau uku bai ko waiwayo ba. Da daddare kuma ya zo ya same ni ya ce: “Umma, kunnena yana wani irin ƙara kamar kukan gyare.” Nan gabana ya faɗi. A cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa na lalata su, kuma idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraron sauti. Ma'aunin da ta bayar shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ga babba, desibel 75 ga yaro. Duk ƙarin desibel 3 kuwa yana rage wannan lokaci da rabi.

Ƙarar ta lafa kafin gari ya waye, amma na ɗauki darasi. Hana shi kiɗan ba mafita ba ce, domin ɓoyewa zai yi ya ci gaba. Abin da nake so shi ne sautin manhajar ya fito ta sifikar jikin fiyanon, inda zan riƙa jin ƙarfinsa daga kicin. Ga abin da muka koya ni da shi da kawunsa, bayan mun sha faɗi-tashi.

Da farko ku fahimci cewa igiyar USB ɗin nan, a galibin na'urori, ba sauti take ɗauka ba. Saƙo take ɗauka, a wani tsari mai suna MIDI da kamfanonin kayan kiɗa suka amince da shi tun 1983. Saƙon yana cewa ne: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi a lokaci kaza. Ƙarfin dannawar ma lamba ce da ba ta wuce 127. Ku ɗauke shi kamar takardar da likita ke rubutawa. Takardar ba magani ba ce, sai an kai ta ɗakin magani an haɗo. Kwamfuta ita ce ɗakin maganin. Ta karɓi takarda, ta haɗa sauti, saura hanyar da sautin zai bi ya dawo cikin fiyano. Wannan hanyar dawowa ita ce abin nema.

Ku juya bayan na'urarku ku karanta rubutun da ke saman kowace kafa. Idan kun ga AUX IN, ko AUDIO IN, ko LINE IN, kun huta. Ku sayi igiyar sauti mai kai irin na iyafis a ɓangarorin biyu, wato mai kaurin milimita 3.5. Kai ɗaya ya shiga kafar iyafis ta kwamfuta, ɗayan ya shiga wannan kafa ta fiyano. Wasu manyan na'urori kafofi biyu masu faɗi suke da su, hagu da dama, to sai a nemi igiyar da ta rabu gida biyu. Igiyar USB tana nan a inda take, tana kai saƙo, sabuwar tana dawo da sauti.

A nan na yi kuskuren da nake so ku kauce wa. Wani mai shago ya ce mini kowace kafa na soka daidai ne, sai na soka a wadda aka rubuta PHONES. Shiru kake ji. Ashe wannan ƙofar fita ce, ba ta shiga ba, haka ma duk wadda aka rubuta OUT. Haɗa ƙofar fita da ƙofar fita ba ya ba da sauti, kuma ba ya yi wa na'urorin alheri.

Hanya ta biyu: wasu sababbin na'urori suna ɗaukar saƙo da sauti duka ta igiyar USB guda. Yamaha P-125 da Roland FP-30X suna cikinsu. A irin waɗannan, sai ku shiga saitin sauti na manhajar, ku zaɓi sunan fiyanon a matsayin inda sauti zai fita. Masu Yamaha a kan Windows za su buƙaci sauke direban Yamaha Steinberg daga shafin kamfanin, kyauta ne. Akwai kuma na'urorin da ba su da ko ɗaya daga cikin hanyoyin biyu, kamar Yamaha P-45. Mai irin wannan kada ya ɓata kuɗi wajen canza igiyoyi, gara ya sayi ƙananan sifikoki ya haɗa da kwamfutar kai tsaye.

Na san wani zai ce Bluetooth fa? Yana da kyau idan waƙa za a saka yaro ya bi ta da kiɗa. Amma don kaɗa manhaja, jinkirinsa ya yi yawa. Za ka danna maɓalli, sautin ya biyo baya kamar amsa-kuwwa, hannu da kunne su kasa jituwa.

Da muka haɗa igiyar daidai, sai muka ji fiyano biyu suna tashi lokaci guda, na cikin na'urar da na manhajar, ɗaya na bin ɗaya. Rage ƙarar na'urar ba ya magance wannan, domin a da yawa daga cikinsu maɓallin ƙara ɗaya ne ke juya sautukan biyu. Maganin yana cikin saitin fiyanon: ku nemi abin da aka rubuta Local Control, ku kashe shi. Wannan yana yanke alaƙar maɓallan da sautin cikin gida, su koma aika saƙo ga kwamfuta kawai. A wasu na'urori yakan kunna kansa duk sanda aka kashe aka kunna. Idan kuma wata rana yaro ya zo yana kukan fiyano ya daina magana bayan an cire kwamfuta, wannan saitin za ku fara dubawa kafin ku tafi wurin mai gyara.

Sai jinkirin kwamfutar kanta. Manhaja tana tara sauti ne a ɗan ma'aji kafin ta sake shi, kuma girman ma'ajin yana cikin saiti da lambobi kamar 128, 256, 512 ko 1024. A saurin da aka saba, guntun sauti 44,100 a daƙiƙa, ma'aji mai 128 yana ƙara jinkirin kusan kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa, daidai da lokacin da sauti ke ɗauka ya yi tafiyar mita ɗaya a iska. Mai 1024 kuwa ya kai kashi 23 cikin dubu, kuma yatsa yana jin bambancin. Ku fara da 256. Idan sautin yana tsattsage kamar ana suya, ku ƙara lambar. Idan yana jan ƙafa, ku rage. Masu Windows su nemi direban ASIO, akwai na kyauta mai suna ASIO4ALL. Masu iPad ko Mac ba su cika shan wannan wahalar ba, kuma GarageBand kyauta ce gare su.

Abu na ƙarshe da ya dame mu shi ne wani gurnani da ke fitowa ko ba a taɓa komai ba. Kawunsa ya zare cajar kwamfutar, nan take ya ɗauke. Hakan na faruwa ne idan na'urori biyu masu jone da wuta suka haɗu ta igiyoyi fiye da ɗaya. Ko dai a yi amfani da batir lokacin atisaye, ko a jona su a soket guda, ko a sayi 'yar na'urar tace gurnani da ake sakawa a tsakiyar igiyar sautin. Kuma kullum ku rage ƙarar ɓangarorin biyu kafin ku soka ko ku zare igiya, sannan ku ɗaga a hankali.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye muku ba: sautin ba zai kai daɗin na iyafis mai kyau ba. Sifikokin jikin waɗannan na'urori ƙanana ne, ba sa iya fitar da zurfin maɓallan can ƙasa yadda ya kamata. Ɗana ya yi ƙorafin haka a makon farko. Na ce masa daɗin da ya ragu kaɗan ne, kunne kuwa ba a sayar da shi a kasuwa. Muka yi yarjejeniya: da rana ta sifika, iyafis sai idan ina barcin bayan aikin dare, shi ma kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100, kuma ya huta bayan kowace awa.

Wani alherin da ban zata ba shi ne yanzu ina jin inda yake tuntuɓe, ƙanwarsa kuma ta haddace abin da yake koyo tun kafin ta taɓa maɓalli. Idan na kira shi, kira ɗaya yake amsawa.

Iyaye, ku lura da alamomi: yaro yana yawan cewa “na'am?” ko “me kika ce?”, yana ƙure talabijin, ko yana jin ƙara a kunne bayan sauraro. Idan ƙarar ta kwana ta wuni ba ta tafi ba, ku kai shi wurin likitan kunne a auna jinsa. Wanda kuma ya juya bayan na'urarsa ya rasa gane kafofin, ya rubuto mini sunanta da lambarta a ƙasa, za mu duba tare.