Yaron Da Jikinsa Ke Ɓari Wajen Wasa

Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, iyalai da dama suka gangaro Kudu, suka raɓa da 'yan'uwa a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun. A watan Fabrairu na 2021 kuma aka ƙone rumfuna da gidaje a kasuwar Shasha ta Badun a kan idon yara. Manya sun daure sun sake neman jari. To, yaran fa? Wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, wani da ya ji ƙarar salansar babur sai ƙarƙashin gado. Abin da yakan biyo baya shi ne bulala, ko kuwa a ce iskoki ne.

Alhali kuwa likitocin ƙwaƙwalwa suna da hanyar jiyyar irin waɗannan yara, watau magani ta hanyar wasa. Ɗan shekara biyar ba shi da bakin faɗin abin da ya gani, saboda haka sai a ajiye masa yashi a faranti, da 'yar tsana, da motocin roba, a bar shi ya shirya abin da ya ga dama. Wata likitar yara, Margaret Lowenfeld, ta soma wannan dabara ta yashi a London tun 1929.

Mai jiyya yana bin labarin wasan, amma rabin hankalinsa yana kan jikin yaron. Da zarar wasa ya kusanci abin da ya firgita shi, sai numfashinsa ya koma sama-sama, zuciya ta shiga dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, kafaɗu su ɗaure. Wani fitsari ya matse shi nan take, wani ya ƙame da 'yar tsana a hannu, ido a kafe, a kira sunansa bai ji ba. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka haɗarin ya dawo, sai sinadarin adiranalin ya kwarara cikin jini, jinin ya rage zuwa hanji ya nufi ƙafafu da hannuwa domin gudu. Ashe ke nan yaron da ya ce cikinsa na ciwo ba ƙarya ya yi ba.

Gwani in ya ga haka ba ya matsa wa yaro. Yakan sassauta wasan, ya sa shi hura kumfar sabulu, gama dogon fitar da numfashi yana rage bugun zuciya. In aka ga ajiyar zuciya, ko hamma, ko kafaɗu sun saki, to jiki ya soma yarda cewa tashin hankalin ya wuce.

Kada dai a ɗauka kowane wasa magani ne. A 1976 aka sace yara 26 daga motar makaranta a garin Chowchilla na Amurka, aka binne su da rai cikin akwatin babbar mota. Duk sun kuɓuta, amma likita Lenore Terr da ta bi sawunsu shekaru ta tarar waɗansu suna ta maimaita wasan abin da ya same su ba tare da samun sauƙi ba. Lalle sai da idon wanda ya san aikin.

Saboda haka uban da ya ga ɗansa ya fito ɗakin jiyya yana rawar jiki, ko ya kwana yana firgita a farkon zuwa, kada ya janye shi. Ya gaya wa mai jiyya abin da ya gani a gida, domin da wannan ake auna saurin aikin.

Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba yana da sashen yara a Oshodi, akwai kuma masana wannan fanni a asibitin jami'a na Badun. Abin da ke hana mutanen Arewa zuwa shi ne kunyar a ce an kai ɗan wane Yaba, sa'an nan ba kowane ma'aikaci ke jin Hausa ba, balle Barbarci. Ya kamata Sarakunan Hausawa na Ikko da Badun su ɗauki wannan nauyi, su zaɓi mata masu haƙuri waɗanda ke jin harsunan nan, su riƙa raka uwa da ɗanta asibiti suna yi musu tafinta.